Babi na Shida: Magani ne ya dakushe shi, ko ciwon?

Duk gidan da aka taɓa jinyar mai taɓin hankali a ƙasar Damagaram an yi wannan tambaya, ko a fili ko a zuci: wai maganin nan na likita ba ya kashe ƙwaƙwalwa kuwa? Uwa takan yi ta idan ta ga ɗanta, wanda a da ya hana unguwa barci da surutai, yanzu yana zaune a zaure tun hantsi har la'asar, baki sake, hannu na karkarwa. Matar aure takan yi ta idan maigida ya koma rumfarsa a kasuwar Dole bayan jinya, aka miƙa masa jika biyar, ya tsaya yana ƙirga canji sau uku. Majinyacin da kansa yakan yi ta, tasa kuma ta fi taɓa zuciya: "Inna, in na sha ƙwayar nan kaina nauyi yake yi, ko abin da zan ce ba na iya haɗawa."

Amsar da aka bayar ita ke yanke hukunci a gida. In an gaskata cewa magani ne ya mayar da mutum haka, sai a ɓoye ƙwayoyin, ko a bar su su ƙare ba a koma an sayo ba. Bayan ƴan watanni ciwon ya dawo, a sake neman mota zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa na Zinder, wani lokaci har da igiya a hannu. Ma'aikacin lafiyar da ya ce wa uwar "ba ruwan magani" bai faɗa mata gaskiya duka ba. Maƙwabcin da ya ce mata "maganin Nasara ne ya gama da shi" ya fi shi nisa da gaskiyar. Sai mu bi abin daki-daki.

Wane tunani ake nufi?

Manyan cututtukan da wannan littafi ke magana a kansu, wato sikizofireniya, ciwon hawa da sauka, da baƙin ciki mai tsanani, fuska biyu gare su. Akwai wadda kowa ke gani: jin muryoyin da babu mai su, zargin an yi maka sammu ko ana bin sawunka, kwana da kwanaki ba barci, rabon dukiya ba dalili. Ita ce ke tara jama'a a ƙofar gida, ita ce ke kai mutum asibiti. Ɗaya fuskar ba ta da ƙara, shi ya sa ba a cika lura da ita ba sai hayaniya ta lafa.

A ɗauki tela a unguwar Zango. Kafin ya ɗinka riga ɗaya, dole ya saurari mai kaya ba tare da hankalinsa ya tafi ga rediyon maƙwabci ba. Dole ya riƙe awon kafaɗa a ka har ya kai ga rubuta shi. Dole ya san abin da ke gaba da wani: yanka kafin ɗinki, aljihu kafin a haɗa gefe. Ranar Alhamis kuma dole ya tuna da kansa, ba wanda ya taɓa shi, cewa ya yi alkawarin kaya kafin sallar Juma'a. Natsuwa, riƙe abu a ka, tsara aiki, tuna abin da za a yi nan gaba, da saurin yin su duka, su ake nufi idan aka ce kaifin tunani. Mafi yawan masu sikizofireniya suna da rauni a wani ɓangare na wannan, kuma masu bincike sun daɗe da gano cewa raunin nan ya fi muryoyin nuna wa zai iya komawa sana'arsa. Mutum yana iya jin murya jefi-jefi ya ci gaba da ɗinki. Wanda ba ya iya riƙe awo kuwa, ko muryoyi sun ɗauke ƙaf, keken ɗinkin zai yi ƙura.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke ɗauke da sikizofireniya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 3.5 a jihar Zinder, fiye da kowace jiha a Nijar. In aka ɗora wancan ma'auni a kan wannan adadi, ana maganar mutum sama da 10,000, kowanne da gidan da ke ɗauke da shi.

Ciwon ya riga ƙwayar zuwa

A 1899, shekarar da Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, wani likita a Jamus mai suna Emil Kraepelin ya raba wannan ciwo daga ciwon hawa da sauka a littafinsa na koyarwa. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda samari ke dakushewa, hankalinsu na raguwa tun suna da ƙuruciya. A lokacin babu ƙwaya ko ɗaya ta wannan ciwo a duniya. Sai a 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada Largactil a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, a 1958 kuma kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya haɗa Haldol. Marasa lafiyar Kraepelin sun dakushe fiye da shekara 50 kafin a ƙirƙiro abin da ake ɗora wa laifin yau.

Akwai shaidar da ta fi wannan ƙarfi. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an ɗauki yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, ana bibiyarsu ana gwada su tun suna ƙanana har suka manyanta. Da wasu daga cikinsu suka kamu da sikizofireniya, aka koma ga tsofaffin takardu, sai aka tarar tun suna tsakanin shekara 7 da 13 suna baya ga tsararsu a gwajin fahimta da sauri da riƙe abu. Ba wanda ya ba su magani a shekarun nan, ba ma wanda ya san za su yi ciwo. Iyaye da yawa a nan za su gane wannan idan suka waiwaya: yaron da malamin allo ke cewa hadda ba ta zama masa, wanda aka yi ta duka ana cewa ya cika shiririta.

Wanda kuma ke ganin rashin magani zai bar ƙwaƙwalwa lafiya, sai ya dubi abin da aka samu a ƙauyukan Ningxia na ƙasar Sin. A binciken da aka buga a 2020 an gwada mutum kusan 200 masu wannan ciwo da ba su taɓa shan magani ba, wasu shekaru gommai. Tunaninsu bai tsira ba. An ga ma waɗanda suka fi daɗewa ba magani sun fi rauni a wasu gwaje-gwajen, musamman na tsarawa da warware matsala.

Abin da magani ke yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Gobara ta tashi a gidan ƙasa cikin Birni, maƙwabta suka taru da bokitai suka kashe ta. Wanda ya iso da safe zai tarar da azara ta ƙone, bango ya jiƙe, ko'ina caɓi. In bai ga wutar ba, yana iya cewa ruwa ne ya ɓata gidan. Ruwa dai ya kashe wuta, amma bai mayar da azara ba, don ba aikinsa ba ne. Sannan kowane magini ya san in aka ci gaba da kwara wa bangon ƙasa ruwa bayan wuta ta mutu, bangon zai zube. Haka lamarin magani yake ta duka fuskokin uku.

Kashe wutar ba a jayayya a kansa. A 2012 Stefan Leucht da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a ƙasashe daban-daban. Cikin shekara ɗaya, ciwon ya dawo wa mutum 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka sauya musu da ƙwayar da babu magani a cikinta. Kowace dawowa kuma tana da kuɗinta: watannin da aka rasa a makaranta, masu kawo ɗinki da suka koma wani shago, aure da ya mutu, amana da ta zube.

Mayar da azarar ne magani bai iya ba sosai. Da aka fito da sababbin magunguna irin su Risperdal da Zyprexa a shekarun 1990, an yi ta yayata cewa za su gyara tunani. Babban gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, mai suna CATIE, wanda ya ƙunshi mutum kusan 1,500, ya rage wannan zumuɗi. Tunani ya ɗan inganta kaɗan a kowane rukuni, kuma tsohon magani mai araha bai gaza sababbin masu tsada ba a wannan fage. Wannan labari ne mai daɗi ga mai ƙaramin ƙarfi: wanda ya kasa sayen sabon magani kada ya ɗauka ya cuci ƙwaƙwalwar ɗansa. Ɗan ingancin da ake samu ma yawanci daga lafawar hayaniya yake zuwa. Wanda ya yi barci, muryoyi suka bar shi, dole ya fi natsuwa.

Inda uwar ke da gaskiya

Saura bangon da ruwa ya yi wa yawa, kuma a nan ne nake ganin ba a yi wa iyalai adalci ba.

Abu na farko da ke dakushe mutum shi ne yawan awo. Magungunan nan suna aiki ne ta toshe wuraren da wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin ke kamawa. Dofamin in ya yi yawa a wani sashe yakan sa mutum ya ga ma'ana a abin da ba shi da ita, har tarin maƙwabci ya zama saƙo. Amma shi ne kuma ke motsa gaɓoɓi, shi ke sa mutum ya ji sha'awar tashi ya yi abu. Masu bincike a Stockholm da Toronto sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya suka auna. In an toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na wuraren, magani ya fara aiki. In aka haura kimanin kashi 80, ba wani ƙarin amfani sosai, sai sandarewar jiki, karkarwa, tafiya da jan ƙafa, da fuska marar motsi. Tazarar ƴar kaɗan ce, kuma Haldol yana cika ta da ɗan ƙaramin awo. Awon da aka ba mutum ranar da ƙarti huɗu suka riƙe shi bai kamata ya zama awon da zai zauna a kansa shekara biyu ba. Sau da yawa haka ke faruwa, ba don mugunta ba, sai don ba a koma wurin likita ba, ana ta sayen magani da tsohuwar takarda har ta yage.

Na biyu shi ne Artane. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma takardar magani takan zo da Haldol, Largactil da Artane a jere, na ukun don ya hana sandarewa. Yana hanawa kuwa. Sai dai yana yin haka ne ta danne wani sinadari, asetilkolin, wanda shi ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen ajiye sabon abu, kuma shi ne ke ƙaranci a ciwon mantuwar tsofaffi. Largactil da Laroxyl, maganin baƙin ciki, su ma suna da wannan hali. Wani bincike a Amurka a 2021 kan mutum sama da 1,000 ya nuna cewa iya yawan irin waɗannan magunguna da mutum ke sha, iya raunin da yake nunawa a gwajin tunani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ba kowa Artane don rigakafi kawai, sai wanda alamun suka bayyana gare shi, kuma na ɗan lokaci. Bushewar baki, dishi-dishin gani, taurin bayan gida da mantuwa idan suka haɗu, a gaya wa likita. Kada dai a yanke shi dare ɗaya a gida.

Na uku Valium da ƴan'uwansa, da ake bayarwa don barci a makon farko, sai su zama abokan zama. Suna rage saurin tunani, suna hana abu zama a ka, kuma jiki yana sabawa da su.

Akwai maganar da ake yawo da ita cewa magani yana rage girman ƙwaƙwalwa. Tana da tushe. Masu bincike a jami'ar Iowa ta Amurka, ƙarƙashin Nancy Andreasen, sun bi mutum sama da 200 shekaru da dama suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, suka buga a 2011 cewa masu shan awo mai yawa sun ɗan fi rasa nama. Su ɗin dai suka buga a 2013 cewa daɗewa cikin ciwon da ya dawo shi ma yana tafiya da rasa naman. Shawarar da suka fitar daga biyun ita ce a hana ciwo dawowa, da mafi ƙarancin awon da zai iya yin hakan.

Kafin a tuhumi takardar likita kuma, a leƙa aljihun majinyacin. Tramol, wiwi da sholisho ba baƙi ba ne a Zinder, kuma kowannensu yana dakushe tunani yana kuma tayar da ciwon. Artane da Valium kansu akwai samarin da ke sayensu don maye a wurin masu tallan magani.

Mai mantuwa aka ba ajiyar tunawa

Yanzu a juya tambayar. Mun duba abin da magani ke yi wa tunani. Me tunani ke yi wa shan magani?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ce ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka ce. Wannan ya haɗa da masu hawan jini da ciwon suga, mutane masu cikakken hankali. A gwajin CATIE, mutum 74 cikin 100 sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18. Saboda haka wanda ya tsallake ƙwaya bai yi abin da ba a taɓa yi ba.

Amma dubi abin da ake nema daga mai sikizofireniya. A cikin minti biyar, a ɗaki mai hayaniya, a gaya masa: fara rabi da safe, ja ɗaya da rabi da dare, ƙaramar sau biyu, ka dawo bayan wata. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, shi kuwa ajami ya iya, ko bai iya ko ɗaya ba. Ana so ya riƙe bayanin, ya tsara shi, ya tuna da kansa kowace rana, ya lura ƙwayoyi sun kusa ƙarewa, ya tanadi kuɗin mota. Duk abubuwan nan su ne ciwon ya raunana. In ya kasa, sai a ce taurin kai gare shi. Ya tsallake magani, ciwo ya motsa, tunani ya ƙara rikicewa, ya ƙara tsallakewa.

Akwai kuma wanda ba mantuwa ke damunsa ba, shi bai yarda yana da ciwo ba sam. Xavier Amador da abokansa a jami'ar Columbia ta New York sun nuna a 1994 cewa fiye da rabin masu sikizofireniya ba sa ganin ciwon nasu yadda na kusa da su ke ganinsa. Wannan ma alama ce ta ciwon, kamar muryoyin. Gardama ba ta warkar da ita. Ka kwana kana ce masa "kai mahaukaci ne, sha", abin da za ka samu ƙiyayya ce. An fi samun sa ta abin da shi yake so: "Yaya, ka ce kana son barci, kana son komawa shago. Tun da kake shan wannan kana barci ko ba ka yi?"

Nisa, zafi da azumi

Ba kowane tsallake ne daga ƙwaƙwalwa yake ba. Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a Nijar, akasarinsu a Yamai, tafiyar kilomita kusan 900 daga Zinder. Ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin su ke ɗauke da mafi yawan aikin. Mutumin Tanut ko Gure yana da tafiyar sama da kilomita 100 kafin ya iso birni, kuma ba shi kaɗai zai zo ba, sai da ɗan rakiya. Wasu kan tsallaka iyaka zuwa Dawanau a Kano, su dawo da magani mai wani suna daban, a haɗa da na gida ba a san abu ɗaya ake sha sau biyu ba. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowane hannu yana gona, kuɗin magani ne ke fara faɗuwa daga lissafi.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana da nasa haɗari. Largactil da Artane suna rage gumi, jiki ya kasa sanyaya kansa. Mai shan litiyom, maganin ciwon hawa da sauka da John Cade ya gano amfaninsa a Ostireliya a 1949, in ruwan jikinsa ya ragu maganin yakan taru a jini ya zama guba: karkarwa mai ƙarfi, amai, gudawa, tangaɗi, ruɗewa. Wannan ruɗewa ta gaggawa ce, a kai shi asibiti a ranar. Da yake litiyom yana bukatar awon jini a kai a kai, sau da yawa akan ba da Dépakine ko Tégrétol a madadinsa. Macen da ke iya ɗaukar ciki ta sani cewa Dépakine yana cutar da ɗan tayi: yara 30 zuwa 40 cikin 100 da aka yi cikinsu ana shan sa sukan sami matsalar girman tunani ko magana. Ta yi maganar da likita tun kafin cikin.

Azumi kuwa, kowace shekara sai ya jefa gidaje cikin shiru. Majinyaci yana jin kunyar a gan shi yana shan ƙwaya da rana, sai ya bari. Ga kuma raguwar barci, wadda ita kaɗai tana iya tayar da ciwon hawa da sauka. Yawancin magungunan nan likita yana iya mayar da su tsakanin buɗa baki da sahur in an tambaye shi tun cikin Sha'aban. Inda ba zai yiwu ba, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma limamin unguwa ya fi kowa cancantar faɗa masa haka.

Wa zai riƙe masa?

Mutanenmu sun san yadda ake maganin tarin fuka: ba a miƙa wa mutum ƙwayoyin wata shida a ce Allah ya sawwaƙe, sai an sami wanda zai ga ya haɗiye. Wani likita a Peshawar ta Pakistan, Saeed Farooq, ya ari wannan dabara ya gwada a kan mutum 110 masu sikizofireniya. Rabinsu aka zaɓa wa ɗan'uwa ɗaya a gida, aka koya masa ciwon da maganin, shi ke bayarwa yana rubutawa, maganin kuma kyauta. A sakamakon da aka buga a 2011, bayan shekara ɗaya kimanin 67 cikin 100 na wannan rukuni suna shan magani cikakke, a ɗaya rukunin kimanin 45. Sun kuma fi samun sauƙi da komawa harkokinsu. Peshawar gari ne na Musulmi masu zaman gandu irin namu, abin da ya yi aiki can ba shi da dalilin ƙin yi a Magarya ko Matamaye.

Mutum ɗaya ake so, wanda majinyacin ke jin maganarsa, ba gida duka ba. In kowa ne mai tunawa, ranar biki ba wanda zai tuna. A roƙi likita ya rage yawan lokutan sha, sau ɗaya da dare in zai yiwu. A ɗaura shan da abin da ba ya tsallakewa, kamar sallar isha'i ko tuwon dare. A ce wa ma'aikacin lafiya ya maimaita bayani da Hausa, ɗan rakiya ya mayar masa da bakinsa, a zana rana da wata a jikin kwalin in ba a iya karatu ba. Wanda ƙwaya ta gagara, akwai allura irin Haldol Decanoas da ake yi sau ɗaya a mako huɗu. Mutumin Miriya ba ya bukatar kalanda, ya ƙirga kasuwar Lahadi: kowace ta huɗu ranar allura ce.

Abu ɗaya nake roƙo a guje masa, in ba likita ne ya ce ba: daka ƙwaya a zuba a fura a ɓoye. Mutumin da ciwonsa ke raɗa masa cewa ana sa masa abu a abinci, ranar da ya ga gari a gindin ƙwarya an tabbatar masa da zarginsa, kuma daga hannun uwarsa. Daga nan sai ya bar maganin ya bar furar.

Ragewa a hannun likita

To in mutum ya sami sauƙi, har abada zai sha? Masana ba su gama da wannan ba. A Holand, Lex Wunderink ya bi waɗanda ciwon ya kama sau ɗaya kacal. Waɗanda aka rage wa magani a hankali sun fi samun dawowar ciwo a shekaru biyun farko, amma bayan shekara bakwai kimanin 40 cikin 100 nasu sun koma cikakkiyar rayuwa, a ɗaya rukunin kimanin 18. A Ingila kuma, gwajin RADAR da aka buga a 2023 kan waɗanda ciwon ya sha dawo musu bai ga wani ƙarin amfani ba bayan shekara biyu, sai dawowar ciwo mai tsanani da ta kusa ninkawa. Abin da na fahimta daga biyun shi ne ragewa tana da wuri, ga wasu mutane, sannu a hankali cikin watanni, da idon likita da na gida a kai. A duka gwaje-gwajen likitoci ne suka rage, suna bibiya. Ba ɗaya daga cikinsu da ya gwada jefa ƙwayoyi a masai ranar da aka ji haushi.

Uwar da ta ga ɗanta ya dakushe, ga abin da ya kamata ta shiga da shi ɗakin likita, da duk kwalayen da yake sha a hannunta, har na mai talla da na Kano: "Lokotoro, muryoyin sun tafi, mun gode Allah. Amma barci yake har azahar, hannunsa na rawa, in na aike shi sai ya manta. A duba mana awon, a duba ko ƙaramar ƙwayar nan har yanzu dole ce." Likitan kirki zai ji daɗin wannan bayani, don da shi zai yi aiki.

Sai dai kafin yawancin iyalai su kai ga ɗakin likita sun riga sun biya ta wurin malam, an sha rubutu, an yi ruƙiyya, wasu sun je wurin masu bori, kuma bayan asibiti can za su koma. Kalma ɗaya daga bakin malam tana iya sa a ci gaba da magani ko a zubar da shi. A Ibadan da Kumasi, Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan lafiya a kan majinyaci ɗaya, suka buga sakamakon a 2020. Babi na gaba zai duba abin da suka samu, da yadda za a yi irinsa a zaurukan malaman Damagaram.